Jiƙaƙƙen Buhu a Kan Allon Kwamfuta

Abin da zan faɗa ya daɗe da faruwa, kuma ban amince da tunanina kamar yadda na amince da shi a da ba. Mai yiwuwa na haɗa bazarar wata shekara da ta wata, ko na sa magana a bakin wanda ba shi ya yi ta ba. Sunaye kuwa da gangan na bar su. Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne, kwanan baya a wajen wani suna a Wurno na ji wani dattijo manomi yana ba da labarin matar nan da ta ɓata injin raba ruwa, mutane suna dariya. Na san matar. Ni ne kuma na buɗe injin da hannuna, na ga abin da ke cikinsa.

A lokacin ban daɗe da gama jami'a ba. Kimiyya na karanta, kuma na ɗan taɓa harkar lantarki a shekarata ta ƙarshe. Aka ɗauke ni ƙaramin ma'aikaci a wani ofishin noman rani a Goronyo, a shekarun farko bayan an tare ruwa a dam. Aikina shi ne zuwa bakin magudanun ruwa in duba ma'auni in kawo. Ba ni da wata hulɗa da kwamfuta, sai dai ɗakinta yana kallon teburina.

Yaran yanzu in an ce kwamfuta ba za su gane abin da nake nufi ba. Ita kanta wani akwati ne mai girman ƙaramin firij, a ƙuryar ɗaki. Daga jikinta waya ta fito zuwa tebur, inda aka aza allo mai ƙaton ƙeya kamar talabijin, da madannai a gabansa. Allon ba shi da ƙwaƙwalwar kansa, abin da akwatin ya aiko masa kawai yake nunawa, da koren rubutu a kan baƙi. Amma in babu shi, akwatin ya zama kurma kuma bebe, ba ka da hanyar gaya masa komai, ba ka da hanyar jin amsarsa. A nan ake tsara rabon ruwa, wato wace magudana za a buɗe yau, wace za a buɗe gobe, har zuwa gonakin da ke gangarawa wajen Wurno.

Mutum ɗaya ce ta iya aiki da shi. Wata mata ce 'yar ƙasar Zuru, Kirista, ta girme ni sosai, muna ce mata Madam, ita kuma tana ce mini ƙanena. Da tafireta ta fara aiki, daga baya aka tura ta kwas ta dawo. Mijinta malamin firamare ne a nan cikin Goronyo, 'ya'yansu suna makarantar da yake koyarwa. In an ɗauke wuta, ko janareta ya ƙi tashi, sai ta ciro ulu daga jaka ta kama saƙa. Hulunan jarirai take yi, kuma kusan duk wanda aka yi wa haihuwa a ofishin ya samu ɗaya. Ulun shuɗi ne. A kan wannan kam ba na shakka, domin ɗan yayata ya sa ɗaya daga cikin hulunan.

Shugaban ofishin muna ce masa Yallaɓai. Ina so in yi masa adalci, ko da yake yana yi mini wuya. Mutum ne mai zuwa aiki da wuri, ba ya hana kowa zuwa jana'iza ko asibiti, kuma yana ƙaunar kwamfutar nan ƙauna ta gaskiya. Duk baƙon da ya zo, ko hakimi ne ko direban tirela, sai ya kai shi ɗakin ya ce wa Madam ta buga sunansa ya gani a kore. Matsalarsa ɗaya ce a iya sanina: in ya faɗi abu a gaban mutane, to ya faɗu ke nan.

Na'urar sanyaya ɗakin ta mutu a farkon bazara, aka aika a gyara, shiru. Wanda ya san bazarar Goronyo ya san abin da nake nufi. Kafin azahar kwanon rufi ya fara ƙara, kujerar ƙarfe ba ta zaunuwa. Yallaɓai ya shiga ɗakin wata rana, ya ɗora tafin hannu a kan ƙeyar allon, ya janye da sauri. Ya tsaya yana tunani, sai ya leƙa baranda inda tulun ruwan shanmu yake. Kamar kowane tulu a ƙasar nan, an naɗe shi da buhun algarara ana jiƙawa, iska na bugawa, ruwan ya yi sanyi kamar daga firij. Nan take ya ce wa masinja ya kwance buhun, ya jiƙa shi, ya aza wa allon.

Madam ta ce masa, cikin ladabi, a wajen kwas an gaya musu ruwa da abin nan ba sa haɗuwa, kuma ta 'yan ramukan da ke saman ƙeyar nan ne yake fitar da zafi. Ni ma na taso na ce ina jin, in ban yi kuskure ba, akwai haɗari. Ya dube ni ya yi murmushi.

"Ɗan jami'a, mi anka koya muku can? Tulu da kwamfuta duk zahi guda ka cin su. Kakanninmu da buhu sunka yi maganin zahi, ba da digiri ba."

Aka yi dariya, har da ni, domin haka ake yi. Buhu ya hau. Masinja yana jiƙa shi da ruwan rijiyar bayan ofis, da safe da kuma bayan azahar. Madam ta ɗauki dabarar matse shi sosai in Yallaɓai ba ya kusa, wani lokaci ta sauke shi gaba ɗaya ta rataye a taga. Ranar da ya shigo ya same shi a taga, ya yi mata faɗa har ana ji a baranda, ya ce ita ce za ta ƙona kayan gwamnati da taurin kai. Daga ranar masinja ne kaɗai aka yarda ya taɓa buhun, kuma shi bai san matsewa ba, yadda yake yi wa tulu haka yake yi wa allo.

Ban iya tuna tsawon lokacin da aka ɗauka ana haka ba. Wata safiya dai Madam ta kira ni a hankali ta ce, ƙanena, zo ka gani. Rubutun yana rawa, yana matsewa daga sama da ƙasa kamar ana naɗe tabarma. Muna kallo ya haɗe gaba ɗaya, ya koma layi guda, siriri, mai haske ƙwarai, kwance a tsakiyar gilashin. Ta kashe ta kunna, layin ne dai. Na ce mata ta kashe ta bar shi, domin na san irin wannan haske in ya daɗe a wuri ɗaya yana ƙona gilashin daga ciki.

Yallaɓai bai yarda a bar shi a kashe ba. Ya sa aka kunna, ya kira mai kula da sito, ya kira akawu, ya kira direba, kowa ya zo ya ga layin. Kwana da kwanaki duk wanda ya shigo sai an kunna masa ya gani. Kuma tun ranar farko ya yanke hukunci: Madam ce ta danna abin da ba a dannawa, saboda hankalinta yana kan saƙa. Buhun kuwa ya ce a ci gaba da aza shi, kada ciwon ya ƙaru.

Aka hana kowa taɓa allon. Aka ce za a jira mutumin kamfanin da ya kawo kayan, daga Kaduna. Mutumin nan, in ma akwai shi, ni dai ban taɓa ganinsa ba. Rabon ruwa ya koma hannun akawu, shi kuma bai saba ba, ya riƙa rikita ranaku. Wata magudana ta sha sau biyu, wata ta bushe. Manoma suka fara zuwa, wasu kan jakuna, wasu kan keke, suna cewa albasa tana kwanciya, alkama ta fara ja tun ba lokacinta ba. Ba a bari su shiga wurin Yallaɓai. A bakin ƙofa ake tare su a gaya musu matar da ke kula da injin ce ta ɓata shi. Wannan shi ne abin da har yau yake ƙona mini rai. Mutum ya zo daga nesa da baƙin cikin gonarsa, kai kuma ka ba shi sunan mace baƙuwa ya koma da shi gida.

Maganar ta shiga kasuwa. Madam ta gaya mini ta je sayen tumatir, mai tumatir ya tambaye ta ko ita ce ta ɓata injin, ya ƙi kallonta har ta tafi. Yara a makarantar mijinta suka fara tsokanar 'ya'yanta. Sai kuma aka fara jin cewa Yallaɓai ya nemi a mayar da ita wani sito da ke bakin magudana can wajen Wurno, tunda a cewarsa ba ta da aiki a nan. Hanyar a lokacin ba kamar yanzu ba ce. Wanda aka kai can, ko dai ya tashi da iyalinsa, ko ya rabu da su sai ƙarshen mako, kuma mijinta ba shi da yadda zai bar makaranta.

Na je wurin Yallaɓai na ce, ranka shi daɗe, ina tsammanin, ko da yake ba ni da tabbas, ciwon nan ƙarami ne, kuma da za a ba ni izini zan iya dubawa. Ya ce kayan gwamnati ba rediyon kakata ba ne. Na sake komawa bayan wani lokaci, ya ce in je in auna ruwa. Ba na son rigima, kuma ina kan gwajin aiki, ba a tabbatar da ni ba tukuna, amma duk ranar da na ga Madam zaune gaban gilashin da buhu ya rufe, hannunta ko saƙar ba ya yi, sai in ji ba zan iya yin shiru ba.

Abin da roƙona bai yi ba, baƙi suka yi. Labari ya zo cewa manya za su zo daga Sakkwato duba aiki, kuma sun ji labarin kwamfuta suna son gani. Yallaɓai da kansa ya tsaya a bakin teburina.

"Ɗan jami'a, kac ce ka iya. To tashi. Amma in ka ƙarasa shi, kai ka amsawa."

Ƙarfen narka dalma da sauran 'yan kayana suna cikin akwatina a gida, a Rara, tun na makaranta. Na tafi na ɗauko. Na roƙi sifirit a wurin wata ma'aikaciyar asibitin gari, na sayi sabon buroshin haƙori. Na kuma nemi alfarma ɗaya, cewa a buɗe a gaban mutane. Dalilina na farko tsoro ne, kada a ce na cire wani abu na sa aljihu. Dalili na biyu, ina zargin abin da zan gani, kuma ina so wasu idanu su gani tare da nawa.

Da hantsi muka taru: Yallaɓai, mai sito, akawu, masinja, da Madam a tsaye can jikin bango. Na zare wuta, na sauke buhun, na kwance sukurorin ƙeyar. Na ɗaga murfin a hankali. Irin wannan allo a cikinsa akwai ƙatuwar kwalba, kuma tana riƙe wuta mai ƙarfi a jikinta ko bayan an zare ta daga soket. A jami'a an tsorata mu da ita sosai. Na ɗaura waya a jikin sukundireba, na ɗaura ɗaya bakin a ƙarfen gindin allon, na sa hannu ɗaya a aljihu kamar yadda aka koya mana, na zura bakin sukundireban ƙarƙashin wata roba da ke manne a gefen kwalbar. Ya yi ƙara, tas. Yallaɓai ya ja da baya har ya taka ƙafar akawu, ya yi salati. Na ce babu komai, wutar ce ta fita.

Sai na haska tocila. Daidai ƙarƙashin 'yan ramukan saman nan, inda ruwa ya riƙa ɗiga, akwai wani ɗan mahaɗi inda wayoyi ke tasowa daga farantin da ƙananan kayan lantarkin ke manne a kansa zuwa wuyan kwalbar. Su ne ke ɗaga haske sama su saukar da shi ƙasa, shi ya sa da suka yanke, rubutun duka ya taru a layi ɗaya. Mahaɗin ya yi kore da tsatsa. A kewayensa ga farin busasshen gishiri, irin wanda ruwan rijiyar nan ke bari a bakin bokiti. Kuma a manne a cikin gishirin, a kan wayoyin, a ko'ina, ga zaren buhu, ruwan ƙasa, mai kaushi, ya yi tuli kamar sheƙar ɓera.

Na tsince zaren na tara a kan farar takarda a tebur. Na goge tsatsar da buroshi da sifirit, a hankali, domin farantin ya yi laushi a wurin. Ƙafa biyu na mahaɗin sun rabu da dalmarsu, ɗaya kuma hanyar tagullar da ke zuwa gare ta ta cinye, sai da na yi mata gada da guntun waya. Aka tayar da janareta don ƙarfen ya yi zafi. Na narka sabuwar dalma, na duba, na sake dubawa, har Yallaɓai ya tambaya ko kwana za mu yi. Na fitar da allon baranda ya sha iska ya bushe sarai, sannan na rufe, na mayar da wayarsa.

Na ce wa Madam ta kunna. Gilashin ya yi ɗan jim a baƙi, sai kore ya taso a hankali, ya buɗe sama da ƙasa, ga rubutu tsaf. Ta danna madannai, akwatin ya amsa. Mai sito ya yi hamdala. Ita kuwa ta dafa teburin da hannu biyu.

A nan ne na nuna takardar na ce, ranka shi daɗe, ga abin da ya kashe shi. Yallaɓai ya matso, ya ɗauki zaren da yatsu biyu, ya murza, ya ɗaga shi wajen haske. Kowa yana kallo. Buhun yana yashe a ƙasa kusa da ƙafarsa, launinsu ɗaya.

"Ulun saƙatta na," in ji shi. "Na hwaɗi tun hwarko."

Ni mutum ne mai yawan cewa watakila, har abokaina suna yi mini ba'a da haka. Ranar ban ce watakila ba. Na ce masa ulunta shuɗi ne, wannan zaren buhu ne, kuma ulu ba ya kawo gishiri ba ya kawo tsatsa, ruwa ne ke kawo su. Na ce kowa a ɗakin nan yana gani. Na juya ga mai sito, ya sunkuyar da kai. Akawu ya ce shi idonsa ba ya gani sosai in babu tabarau. Masinja kuwa ba wanda ya tambaye shi, kuma ban ga laifinsa ba da ya yi shiru. Yallaɓai ya kai zaren bakin taga ya hure shi waje, ya karkaɗe hannu, ya ce zafi ne ya sauya masa launi. Sannan ya yaba mini a gaban kowa, ya ce ashe jami'a ba ta tashi a banza ba.

Madam ta bi ni baranda ina tattara kaya. Ta ce, "Ƙanena, bar shi haka. Ka faɗa, na ji, Allah ma ya ji. Kada su haɗa da kai."

Washegari da na zo aiki, buhun yana jikin tulu, a jiƙe, an naɗe shi da igiya kamar bai taɓa barin wurin ba. Na tambayi masinja, ya ce Yallaɓai ne ya ce a mayar tun da sassafe, kuma kada ya sake ganin ruwa ya shiga ɗakin kwamfuta. Wato ya sani. Ya ga zaren ya gane shi kamar yadda kowa ya gane. Da a ce ya yi imani da maganar ulu, da na ce jahilci ne, in yi masa uzuri. Amma ya gyara kuskurensa a kan tulu, ya bar shi a kan mace.

Manya suka zo, Madam ta buga musu sunayensu a kore, suka yi mamaki, aka ɗauki hoto. Ba a daɗe ba takardar mayar da ita siton wajen Wurno ta fito. Na sake zuwa wurin Yallaɓai, na kuma gaya wa wani babba da ya zo daga baya, wanda ya saurare ni da kyau ya ce zai duba. Ban san ko ya duba ba. Aka kawo wani saurayi daga Sakkwato ya gaje ta, ita ce ma ta koya masa aikin kafin ta tafi. Ta yi wata da watanni tana bin motar kasuwa tsakanin Wurno da Goronyo, ta rame, damina ta zo hanya ta yanke. A ƙarshe na ji ta ajiye aikin, mijinta ya nemi canji, suka koma ƙasarsu. Ban sake ganinta ba. An tabbatar da ni a aiki a shekarar, kuma an ce gyaran da na yi yana cikin dalilai. Ban taɓa jin daɗin wannan ba.

Allon ya yi aiki shekaru bayan haka. Sai dai a tsakiyar gilashin akwai tabon layi, dishi-dishi, daga gefe zuwa gefe, inda hasken ya ƙone shi a kwanakin da ake kunnawa ana nuna wa mutane laifin Madam. Ko a kashe yake, in ka tsaya ta gefe za ka gan shi.

A wajen sunan nan na Wurno na so in tanka wa dattijon, sai na ga shi ma abin da aka gaya masa a bakin ƙofa yake maimaitawa, kuma albasarsa da gaske ta bushe. Shi ya sa na zaɓi in rubuta. Mai sito na ji yana raye, akawu ban sani ba, direban da ma'aikaciyar asibitin da ta ba ni sifirit watakila suna nan. Duk wanda ya kasance a ofishin nan, ko ya ji daga bakin wanda ya kasance, in ya ga na kauce a wani wuri, ina roƙonsa ya aiko mini da gyara, zan karɓa in kuma bayyana shi. Mai yiwuwa ba da hantsi aka buɗe ba, mai yiwuwa ba akawu Yallaɓai ya taka ba. Amma wanda ya tsaya a ɗakin nan ya ga zaren a kan farar takarda, ina roƙonsa ya aiko ya faɗi launinsa.